Kula da Marasa Matsuguni Masu Ɗauke da Cutar Ƙanjamau a Ƙananan Hukumomin Tambuwal da Kebbe

Marasa matsuguni su ne waɗanda ba su da wurin kwana na dindindin, suna kwana a tashoshin mota, rumfunan kasuwa da kangaye. A cikinsu akwai waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, da zawarawa, da marayu, da matasan da suka bar gida ko aka kore su. Idan irin wannan mutum yana ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki, wahalarsa takan ninka.

Matsayin cutar

An fara ba da rahoton cutar a Nijeriya a shekarar 1986. Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ita. Tun shekarar 2006 ake ba da maganin rage kaifinta kyauta a asibitocin da gwamnati ta keɓe. Hukumar NACA ce ke tsara aikin a ƙasa baki ɗaya, a Jihar Sakkwato kuwa hukumar SOSACAT.

Dalilin muhimmancin matsuguni

Maganin ba ya warkar da cutar, amma yana danne ta muddin ana shan sa kullum. Wanda ba shi da ɗaki ko abinci yakan rasa inda zai adana magani, yakan kuma tsallake ranar komawa asibiti. Tsallake magani yana ba ƙwayar damar bijire masa, ya kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka.

Aikin jami'in jin daɗin jama'a

1. Raka mutum zuwa gwaji da karɓar magani ta hannun Babban Asibitin Tambuwal ko na Kebbe.
2. Samar masa da wurin kwana da abinci, tare da neman tallafin Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha.
3. Sasanta shi da danginsa idan ya yarda, kuma babu barazana ga lafiyarsa.
4. Bibiyarsa idan ya daina zuwa karɓar magani.

Ba a gindaya wa matashi sharaɗin bayyana dalilin barinsa gida kafin a taimake shi.

Haƙƙin mai ɗauke da cutar

Dokar tarayya ta shekarar 2014 ta haramta nuna masa bambanci, ta kuma hana bayyana sirrinsa ba da izininsa ba. Ba a kamuwa da cutar ta hanyar gaisawa, cin abinci tare ko cizon sauro, saboda haka babu hujjar korar kowa daga gida.

Ana kira ga uwayen ƙasa, hakimai, masu unguwanni da limamai, daga Dogon Daji da Jabo zuwa Kuchi, da su haɗa irin waɗannan bayin Allah da sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarsu cikin sirri.