Daga Jeren Kwano Zuwa Ledar Bangon Kicin

A ƙasar Hausa miji ke tanadar ɗaki, amma abin da ke jikin bangon na matar ne. Iyayenta ke saye, 'yan jere su je su kafa kafin a kai amarya, in zama ya ƙi kuma danginta su zo su kwashe har ludayi. Shi ya sa adon ɗakin mace ya sha bamban da na zaure, wanda magina ke zanawa a ɗanyen yaɓe ya zauna har ginin ya faɗi. Nata ado mai tashi ne, tun kafin a san wani abu wai shi gidan haya.

Da fari ƙorai ne masu zane, da akushi, da faifai mai launi, wasu a ragaya, wasu a jingine. 'Yar masu hali a ƙara mata tasoshin tagulla, ƙirar Bida. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa ya shiga hannun talaka, sai kantunan Turawa irin su John Holt da na Kwarori suka cika da kwanukan ƙarfe masu fenti da zanen fure. Daga Turai aka fara kawo su, daga baya na Hong Kong suka mamaye kasuwa, har aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Legas a 1960. Langa, samira, fanteka, kumbo: kowanne da sunansa da mazauninsa a jere.

Na tarar da ƙarshen wannan zamani a ɗakin goggona a Zariya. Samirori ne a kan kanta, babba a ƙasa, ƙarama a bisanta, hawa-hawa har sun kusa taɓa rufi, manyan farantai kuma sun rufe bangon da ke bayansu ruf, ko ƙasar ginin ba ka gani. Ba a cin abinci a ciki. Ranar da na miƙa hannu zan ɗauko ɗaya, cewa ta yi, "Ke 'yar nan, wannan na aurenki ne, ba na tuwo ba." Gaskiyarta. Jere asusu ne: in buƙata ta taso a zare saiti ɗaya a sayar, in 'ya ta isa aure a rage mata. Mai son ganin irin ɗakin ya leƙa Gidan Makama a Kano.

Madafi kuwa babu mai kula bangonsa. A tsakar gida yake, murhu ne na duwatsu uku, hayaƙi ya maida bangon baƙi ƙirin, wa zai kai kwanonsa mai fure can? Sai da siminti ya yawaita, ma'aikata suka samu ƙarin albashin nan na Udoji bayan 1974, gidajen haya masu kicin a ciki suka bazu a Kaduna da Kano, risho ya shigo, gas ya biyo baya, sannan girki ya dawo kusa da falo. Kabad mai gilashi ya sauke kwanuka daga bango, jere ya bi mace har kicin. Yau in 'yan ganin ɗaki sun zo, can suke fara nufa.

Nan matsala ta ɓullo. Manja da jajjagen miya ba sa barin fenti lafiya, mai gidan haya kuma ba zai yarda ka fasa masa bango ka sa tayil ba. In ma ya yarda, ranar tashi ka bar masa kyauta. Sai mata suka koma ga abin da suka iya. An yi yayin manna jarida da kalandar banki. An yi na guntun ledar tsakar ɗaki da ƙananan ƙusoshi. Yanzu ana yayin leda mai gam, mai zanen tayil, akasari daga Sin, a yanka da almakashi a manna da hannu.

Ni dai ban cika yarda da ita ba. Zafin bazara na sa gam ɗin ya saki daga gefe, kyankyasai su samu maɓoya, kusa da wuta ta yamutse, in an zo ɓarewa kuma ta taho da fentin, musamman irin na ruwan nan da masu gidan haya ke shafawa. Gara a manna tayil a jikin falanki, a jingina shi a bango nesa kaɗan da harshen wuta, ranar tashi a ɗora shi a mota. Wanda ya fi duka sauƙi shi ne babban farantin jere a bayan gas: ba ya jin wuta, soso ɗaya ya wanke shi. Sai dai samun mai kauri irin na da ya yi wuya, domin da yayin kuloli da tangaran ya zo, da yawa an ba 'yan gwangwan su a musayar bokitin roba.