Baƙin In Ekker da Ƙurar Hunturu

Duk wanda ya tashi a Ruwan Godiya ko Faskari ya san hazon hunturu, wanda kan taso daga hamada ya lulluɓe gonaki, ya tsattsage leɓe. Tarihinmu na wannan makon ya faru ne a inda wannan ƙurar take tasowa.

Ranar 13 ga Fabrairu 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko kusa da Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ƙarƙashin jagorancin Janar Charles Ailleret. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Da aka tayar da na uku a ƙarshen Disamba, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wata uku kacal da samun 'yancin kai, ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairun 1961, ta kuma hana jiragen Faransa na sama da na ruwa shigowa Najeriya.

Daga baya Faransa ta mayar da gwajin ƙarƙashin ƙasa, a In Ekker, arewa da Tamanrasset. Ranar 1 ga Mayu 1962, ministan sojoji Pierre Messmer da ministan binciken kimiyya Gaston Palewski suka kai ziyara sansanin tare da manyan hafsoshi, don su kalli gwaji da idonsu. An haƙa rami cikin dutsen Tan Afella, an sa bam, an toshe bakin. Da aka tayar, sai toshiyar ta ɓalle. Narkakken dutse da baƙin hayaƙi suka yi tsiri, iska ta kaɗo su kan 'yan kallo. Manya da ƙanana kowa ya yi ta kansa. Ministocin ma sai da aka tuɓe su aka wanke. Palewski ya rasu a 1984 da kansar jini, kuma ya yi imani ranar ce sanadi.

Manyan baƙi sun yi wanka, sun hau jirgi, tarihi ya riƙe sunayensu. Buzaye makiyaya da leburorin sansanin kuwa nan aka bar su da rijiyoyinsu da raƙumansu. Wata taswirar sojan Faransa da aka fallasa a 2014 ta nuna cewa gubar gwajin farko ta kai Njamena da Bamako. Ku buɗe taswirar Afirka ku ga inda Katsina ta faɗo tsakanin biranen nan biyu.

Idan za ku rubuta labari irin wannan, kada ku tsaya a rumfar manyan baƙi, rahoton hukuma ya riga ya gama da ita. Ku tafi inda iska ta nufa. Ga aikin mako: ku nemi dattijon da ya yi wayo a 1960, ku tambaye shi abin da ya ji ana faɗa game da bam ɗin Sahara, ku rubuta yadda ya faɗa, ba ƙari, ba ragi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.