GOBARA: DAGA DANNIN WURMA ZUWA BABBAR KASUWAR KATSINA

Jama'a, hunturu ya kama, lokacin gobara ke nan.

Ina yaro a Wurma, gobara ba baƙuwa ba ce. Ɗakuna na jinka, danni na kara, ga rumbuna cike da gero da dawa an gama girbi. Garwashin da tsohuwa ta bari a kasko don jin ɗumi, ko yara sun cinna wa ciyawa wuta a bayan gari suna neman gafiya, iska ta kaɗo, shi ke nan. Amma abin da na fi tunawa shi ne yadda ake kashe ta. Da an yi kururuwa ba mai tambayar gidan wa ne. Maza su kayar da dannin da ke tsakanin gida da gida don wuta ta rasa abin ci, mata su jero tuluna, mu yara mu ɗebo ƙasa a kwano. Washegari wannan ya kawo dami, wancan ya kawo shuci, kafin mako mai gida ya koma ɗakinsa.

Da muka koma rufin kwano da siminti sai muka zaci mun rabu da wuta. Ashe kasuwa ta koma.

A 1982 babbar kasuwar Yamai ta ƙone, sai 1987 aka buɗe sabuwa. Kasuwar Taminus ta Jos ta ƙone a Fabrairun 2002, ba ta sake komawa yadda take ba. Ranar 26 ga Maris 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A Janairun 2021 ta faɗa wa babbar kasuwar Sakkwato, ranar 22 ga Maris na shekarar kuma ta iso tamu ta Katsina. Ku duba watannin nan: Janairu, Fabrairu, Maris. Duk rani ne, komai ya bushe, ga iska. Ko Amurka da jiragenta na feshin ruwa, a Janairun 2025 busasshiyar iska ta koro wutar daji cikin unguwannin Los Angeles, gine-gine sama da 16,000 suka tafi.

Sanadin ma ba ɓoyayye ba ne. Wayoyin da aka jona barkatai, hita ko dutsen guga da aka bari a kunne aka kawo wutar NEPA cikin dare, jarkar fetur ta janareta a bayan shago kusa da katifu da atamfa. Babbar musibar kuwa, hanyoyin da aka bari don mota duk mun kafa musu rumfuna da tebura.

To a nan nake so mu yi wa 'yan kwana-kwana adalci. Tun 1963 akwai dokar hukumar kashe gobara ta tarayya, jihohi ma kowace da tata, amma doka ba ta cika tanki. Motar za ta zo ta kasa shiga. Ruwan cikinta mintuna kaɗan ya ƙare, babu wurin ɗiba kusa, dole ta juya. Na taɓa gani da idona matasa suna jifan irin wannan mota wai ta makara. Wallahi na ji kunya. Mutumin da ya shiga hayaƙi domin dukiyar da ba tasa ba, jifa ce ladarsa?

Bayan gobara mun iya jaje. Manya su zo, a kafa kwamiti, a sanar da gudummawa. Amma sau da yawa mai tebur da mai tallar da jarinta bai wuce buhu ɗaya ba, su ne ba a rubuta sunansu. A ƙauye da, wanda ya fi rauni shi ake fara ɗaura wa jinka.

Don haka shugabannin kasuwanninmu na Dutsin-Ma da Kurfi, kada mu jira. A buɗe hanyoyi, a yi tankin ruwa a kasuwa, a raba fetur da shago, mai gadi ya riƙe lambar 'yan kwana-kwana, kowa ya kashe soket kafin ya rufe. Iyayenmu kayar da danni suke yi don gari ya tsira, mu rumfa ɗaya ce za mu matsar.

Gemun maƙwabta ya sha kamawa, mu shafa wa namu ruwa. Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, Ya tsare mu. Amin.