Me Ya Sa 'Yan Tekno Suka Ƙi Sakin Faifan Garmaho?

A shekarar 2013, lokacin da kowa ya koma sauke waƙa a waya, Juan Atkins na Detroit da Moritz von Oswald na Berlin suka haɗa kai suka fitar da kundin kiɗa mai suna Borderland, kamfanin Tresor kuma ya buga shi a faifan garmaho. Har gobe haka ƙananan makaɗan house da tekno suke yi: mutum biyu ko uku su haɗu, su buga faifai 'yan ɗaruruwa, su sayar. Wani mai saurare ya taɓa tambayata a shirin dare ko wannan ba neman burga ba ne kawai. Na ce masa sai mun koma baya kaɗan.

Ranar 12 ga Yuli 1979, dubban mutane suka cika filin wasa na Comiskey Park a Chicago, aka tara faya-fayan disko aka tarwatsa su da nakiya. Wanda ya kira taron ma'aikacin rediyo ne irina. Ba a jima ba manyan kamfanoni suka juya wa disko baya. Amma a gidan rawa na Warehouse, inda Frankie Knuckles yake sa faifai tun 1977, matasa baƙaƙen fata ba su daina rawa ba. Da sababbin waƙoƙi suka yi ƙaranci, sai ya riƙa yanka zaren ɗaukar sauti yana haɗawa, yana ƙara wa tsofaffin tsawo. Daga sunan wannan gida aka samo kalmar house. A 1984 Jesse Saunders da Vince Lawrence suka fitar da On and On a ɗan kamfaninsu, sauran samarin gari suka ga ashe abin ba ya buƙatar izinin kowa. Kamfanin Trax ma narka tsofaffin faya-fayai yake yi ya buga sababbi, shi ya sa wasu suke ƙara kamar ana suyar ƙosai, amma ana saye.

A Detroit kuwa masana'antun mota ne suke rufewa. Wani mai shirin dare, Electrifying Mojo, yana sa Kraftwerk na Jamus tare da Prince da Parliament, wasu 'yan makaranta uku a garin Belleville suna kasa kunne: Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Da injinan kiɗa na Roland suka ƙirƙiro tekno, kowannensu kuma ya buɗe nasa kamfani. Atkins ya kafa Metroplex a 1985, May ya kafa Transmat, Saunderson ya kafa KMS. A 1989 Mike Banks da Jeff Mills suka kafa Underground Resistance, suna rufe fuska, suna ƙin shiga hannun manyan kamfanoni. Bayan rushewar katangar Berlin, aka buɗe Tresor a 1991 cikin ma'ajiyar kuɗi ta wani tsohon kanti, aka riƙa gayyato 'yan Detroit. Zumuncin da ya haifi Borderland ke nan.

Faifan yana da amfani a aikace. Mai inci 12, idan aka sa waƙa ɗaya a kowane gefe, layukansa suna yin faɗi, amon ganga ya fito da nauyi, mai sa faifai kuma yana iya riƙe shi da yatsa ya daidaita shi da na gaba. Sai dai babban amfaninsa shi ne mallaka. Wanda ya biya kuɗin bugu shi ke da kayan, sunansa da shekara suna jikin takardar tsakiya. A 2024 Jamus ta sa teknon Berlin cikin jerin al'adunta na gado, wasu suka tambaya ina Detroit. Ba a yi doguwar gardama a kan asali ba, domin faya-fayan Metroplex suna nan da shekarunsu.

Mu ma muna da darasi a gida. A ƙarshen shekarun 1970 Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na lantarki a Yamai, aka yi shekaru ana jin sa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na Nijar. Kaset ɗin kwafi kaɗan aka yi. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga shi a faifai, duniya ta san sunansa. A ɗakin ajiyar gidan rediyon da na fara aiki akwai kwalaye cike da kaset da faya-fayai, ƙura ta rufe su, wasu ko suna babu a jiki. Tun da na san wannan tarihi, duk wanda na ɗauko sai na nemi wani dattijo ya gaya mini wa ya kaɗa, in rubuta a jiki.