Me ya sa dokar Amurka ba ta tilasta rubuta kwanan wata a kan kwalaben giya ba?

A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, da wuya mutum ya ɗauki kwalbar abin sha a kanti bai tarar da kwanan wata a jikinta ba, ko ta lemo ce ko ta giya. A Amurka lamarin ya sha bamban. Dokar tarayya ta ƙayyade abubuwa da dama da tilas su fito a jikin kwalbar giya, amma ranar da aka ɗura ta, ko ranar da za ta fara sanewa, ba sa cikinsu.

Ga mai karatu Musulmi, wanda addininsa ya haramta masa barasa, batun zai yi kama da rigimar maƙwabta. Sai dai muhawarar ta taɓo tambayar da ta shafi duk mai sayen abin da aka rufe a kwalba ko gwangwani: me kwanan watan nan yake nufi, kuma wa ke ɗaukar asara idan ya wuce?

Abin da doka ta ce

Hukumar da ke kula da rubutun jikin kwalaben giya a Amurka ita ce TTB, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar baitulmali, kuma tana aiki ne da wata doka ta shekarar 1935. Tana buƙatar a rubuta sunan giyar da nau'inta, da suna da adireshin wanda ya ɗura ta, da yawan abin da ke cikin kwalbar. Wata doka ta 1988 ta ƙara da gargaɗi kan haɗarin barasa ga mata masu juna biyu da masu tuƙi.

Ba giya kaɗai aka bari haka ba. A matakin tarayya, madarar jarirai ta gwangwani ce kawai doka ta wajabta wa kwanan wata. Sauran kayan abinci an bar su a hannun jihohi da kamfanoni.

A Turai kuwa, dokar rubutun jikin kayan abinci ta 2011 ta wajabta nuna ranar da ingancin kaya zai fara raguwa, inda ta keɓe abin shan da barasarsa ta kai kashi 10 cikin 100 ko fiye. Yawancin giya ba ta kai haka ba, don haka dokar ta hau kanta. Birtaniya ta ci gaba da bin wannan tsari bayan ficewarta daga Tarayyar.

Yadda giya ke tsufa

Dalilin da ya sa hukumomi ba su matsa ba yana cikin kwalbar kanta. Tsohuwar giya ba ta cika zama matattarar ƙwayoyin cuta ba, domin barasar da ke cikinta, da tsaminta, da sinadaran wani tsiro mai yaɗo da ake kira hops, duk suna hana su yaɗuwa. Abin da ke lalacewa shi ne ɗanɗano da ƙamshi.

Abubuwa uku ne ke cin ta. Na farko iskar oksijin, wadda ko yaya aka yi ƙoƙari sai ɗan kaɗan ya maƙale lokacin ɗuri. A hankali takan sauya ɗanɗanon ya koma kamar na jiƙaƙƙen kwali. Na biyu zafi, wanda ke gaggauta wannan sauyi, ta yadda katan ɗin da ya yi makonni a sito mai zafi zai iya tsufa fiye da wanda ya yi watanni a firji. Na uku haske: idan ya ratsa kwalba ya taɓa sinadaran hops, sai wani wari mai kama da na bodari ya tashi. Wannan ne ya sa ake fifita kwalba mai ruwan ƙasa a kan koriya ko fara, kuma yana cikin dalilan da suka sa ƙananan masana'antu da yawa suka koma gwangwani.

Matsalar ta fi tsanani ga ƙananan masana'antun ne saboda irin abin da suke yi. Giyar da ta fi yi musu kasuwa, wadda ake kira IPA, an gina ta ne a kan ƙamshin hops, wanda shi ne abu na farko da ke gushewa. Ƙari a kan haka, da yawansu ba sa dumama giyar bayan ɗuri don kashe ragowar ƙwayoyin halitta, kamar yadda manyan kamfanoni ke yi. Wanda ya san burukutu ko fito, waɗanda ba sa jure ajiya ta kwanaki, zai gane cewa tsawon ran abin sha ya dogara ne kan abin da aka yi masa bayan dahuwa.

Kamfanoni sun riga doka

Kamfanin Boston Beer, mai giyar Samuel Adams, ya fara nuna watan ƙarewar inganci ta hanyar da kowa zai iya karantawa tun ƙarshen shekarun 1980. A 1996 Anheuser-Busch ya fara buga ranar ɗuri a kan Budweiser, ya kira ta ranar haihuwa, tare da cewa giyar na kan ganiyarta tsawon kwana 110. A 2012 kuma kamfanin Stone na jihar Kalifoniya ya mayar da kwanan watan ya zama sunan giyar kanta, Enjoy By, wadda aka ba wa'adin mako biyar kacal. A 2016 ƙungiyar manyan kamfanonin giya ta Beer Institute ta sanar da cewa mambobinta za su riƙa nuna kwanan wata bisa raɗin kansu.

To amma raɗin kai ya haifar da ruɗani. Wani kamfani ranar ɗuri yake rubutawa, wani ranar ƙarewa, ba tare da ya faɗi wacce ce ba. Wasu na amfani da lissafin kwanakin shekara, inda 045 ke nufin 14 ga Fabrairu. Wasu kuma lambobi ne da ba mai fahimtarsu sai dilan da ke rarraba kayan. Irin wannan rubutu, gaskiya, ba domin mai saye aka yi shi ba.

Wa zai ɗauki asara?

Masu adawa da tilastawa suna kawo batun kuɗi. Amurka na da ƙananan masana'antun giya sama da 9,000, alhali a ƙarshen shekarun 1970 dukan masana'antun ƙasar ba su kai 100 ba. Akasarinsu ƙanana ne ƙwarai, kuma injin buga kwanan wata ƙarin nauyi ne a kansu. Suna kuma cewa akwai nau'o'i masu ƙarfi da ake ajiyewa shekaru da gangan, waɗanda wa'adi ba shi da ma'ana a kansu. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce kwanan wata bai san inda kwalba ta kwana ba: ta wata ɗaya da ta sha rana za ta iya fin ta wata huɗu lalacewa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Tun bayan soke haramcin barasa a 1933, yawancin jihohi sun raba cinikin gida uku: mai yi, da dila, da mai kanti. Da zarar kaya sun bar masana'anta, mai su ba shi da cikakken iko a kan yadda ake ajiye su. Kwanan watan da kowa ke iya karantawa yana sa masu saye su tsallake tsofaffin kaya, daga nan sai a fara ja-in-ja kan wanda zai kwashe su ya yi asara. Rashin kwanan wata yana ɗauke wannan asara daga kan 'yan kasuwa, ya ɗora ta a kan wanda ya biya kuɗin sabon kaya aka ba shi tsoho.

Idan aka auna, hujjojin masu adawa sun fi cin wajabta ranar ƙarewa, wadda hasashe ce na kamfani, fiye da wajabta ranar ɗuri, wadda tabbataccen abu ne da kowace masana'anta ke da shi a kundinta. Ko giyar da ake ajiyewa shekaru ba ta rasa komai idan aka faɗi ranar da aka ɗura ta.

Zuwa yanzu dai 'yan majalisa ba su karkata can ba. Ko dokar da jihar Kalifoniya ta yi a 2024 don daidaita kalmomin kwanan wata a kan kayan abinci ta tsame giya daga ciki.

Marar barasa fa?

A nan ne lissafin ke sauyawa. Ƙananan masana'antun Amurka da dama sun shiga yin giya marar barasa, dangin abin shan sha'ir irin su Barbican da Moussy da aka saba gani a kantunan Saudiyya. Cire barasa na nufin cire ɗaya daga cikin manyan garkuwar abin shan. Wani bincike da masana a Jami'ar Cornell suka wallafa a 2023 ya nuna cewa ƙwayoyin cuta irin su E. coli da salmonella na iya rayuwa har su hayayyafa a cikin marar barasa, musamman idan ba a ajiye ta a sanyi ba. Masanan sun ba da shawarar a riƙa dumama irin wannan abin sha bayan ɗuri don kashe ƙwayoyin cuta, sannan a ƙara masa sinadaran da ke hana lalacewa.