Masu Bisharar da Ba a Rubuta Sunayensu Ba

Mahaifina mai bishara ne a wani ƙauyen Maguzawa da ke kudancin Kano. Kayan aikinsa keke ne, da fitilar ƙwai, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya sha ɗinki da zaren buhu. Da damina yana gona har azahar kamar kowa. Rani na kamawa sai ya ɗaure tabarma a bayan keke ya bi ƙauyuka, ya kwana inda dare ya yi masa, ya ci abin da aka ba shi. Da na shiga makarantar koyon Littafi Mai Tsarki aka fara mana tarihin ikkilisiya, sai na tarar sunayen manya muke haddacewa, irin su Baba kuwa babu su a takarda. Abin ya daɗe yana ci mini rai, kafin na gane cewa tun fil'azal haka aikin nan yake tafiya.

A buɗe Ayyukan Manzanni sura 11. Bayan an jajjefe Istifanas, tsanani ya warwatsa masu bi daga Urushalima, manzanni kuwa suka zauna a birni. 'Yan gudun hijira ne suka kai maganar har Finikiya da Kubrus da Antakiya. Wasu cikinsu, mutanen Kubrus da Kurane (Kurane ɗin nan tana ƙasar Libiya ta yau), suka fara yi wa waɗanda ba Yahudawa ba wa'azi, ba tare da wani ya aike su ba. Luka bai faɗi sunan ko ɗayansu ba. Sai da ikkilisiya ta tsaya da ƙafafunta aka aiko Barnaba ya duba, shi kuma ya je Tarsus ya ɗauko Shawulu, wato Bulus. A Antakiyar nan aka fara kiran almajirai Kirista. Bulus ɗin ma, da ya isa Koranti, ɗinkin tanti ya kama a gidan Akila don ya ci abinci.

Daga nan rigimar kaciya ta taso: dole ne Baheleni ya zama Bayahude kafin ya bi Almasihu? Taron Urushalima ya ce a'a. A ganina, duk wanda zai yi bishara a ƙasar Hausa ya kamata ya san sura 15 kamar yunwar cikinsa.

Namu labarin ana fara shi ne da Turawa, kuma sun cancanci a ambace su. A Disamban 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar shiga yankin da a lokacin ake kira Sudan, wanda ya haɗa da ƙasar Hausa. Cikin shekarar da ta biyo baya Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, daga baya Bingham ya koma gida shi kaɗai. Mishan ɗinsu, SIM, bai sami wurin zama ba sai 1902 a Fategi. A 1900 Bishop Tugwell na CMS ya jagoranci ayari zuwa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Cikin ayarin akwai Likita Walter Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929. Karl Kumm na SUM kuwa ya yada zango a Wase a 1904. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta so su shiga masarautu, sai a shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe ta hanyar asibitocin kutare irin na Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa.

To amma wa ya ba su harshen? Lokacin da wani Bature mai suna Schön yake fassara Matiyu da Yahaya da Ayyukan Manzanni zuwa Hausa, waɗanda aka buga a 1857, Dorugu ne a gefensa, yaron nan Bahaushe da wani Bature mai suna Barth ya tafi da shi Ingila. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 ana jingina shi ga Miller da abokan aikinsa, alhali malamai Hausawa sun zauna da su suna tace kalma bayan kalma. Haka kuma Isawa, jikokin almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano saboda abin da ya koyar game da Annabi Isa, su da kansu suka nemi Miller, suka kafa gari a Gimi, har ciwon barci ya tarwatsa su.

Sauran aikin manoma ne suka yi shi. Tun 1948, shekara shida kafin a kafa ECWA, 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyar aika masu bishara wadda yau ake kira EMS. Na san da me aka riƙe ta, domin a gabana aka yi. Duk sanda Inna za ta yi surfe, sai ta ɗebi dawa cikin tafin hannu ta zuba a wata 'yar tukunya a bayan ƙofa. Ƙarshen wata matan zumunta su haɗa, a kai wa mai bisharar da ya fi mu nisa da gari. Baba kuma idan ya sauka ƙauye, gaisuwa yake fara kai wa mai gari, ya je jana'iza, ya shiga gayya, ya koya wa yara karatun boko a gindin tsamiya. Wani wurin sai ya shekara biyu kafin mutum ɗaya ya nemi baftisma.

Yau muna da lasifika da janareta da manyan tarukan farkawa, ana kuma sauraron Littafi Mai Tsarki na Hausa a wayar hannu, na kuwa gode wa Allah a kan wannan na ƙarshen, don kakata ta rasu ba ta iya karanta aya ɗaya ba. Abin da ke damuna shi ne haƙurin zama da mutane ya yi ƙaranci. Matashi ya gama makarantar tauhidi, burinsa majami'ar birni. A wasu majami'un, Bahaushe sabon tuba yakan ji kamar sai ya tuɓe babbar rigarsa, ya sake suna, ya koyi Turanci, kafin a ɗauke shi ɗan gida. Wannan ai ita ce maganar kaciya ta dawo. Alhali Majami'ar Bartalamawus ta Wusasa da ƙasa aka gina ta, ginin Hausa, maginan Zazzau suka ɗora ta, kuma har yau tana tsaye.

A 2014, da rikicin Boko Haram ya kori 'yan'uwa na EYN daga Gwoza da Mubi da kewaye, na ga yadda suke taruwa yin sujada a ƙarƙashin rumfa duk inda suka sauka, su ma babu wanda ya aike su.

Ɗan'uwa, idan akwai tsohon mai bishara da ya rage a gundumarku, ka je wurinsa kafin damina ta kama, ka tafi da littafi da biro. Ka tambaye shi ƙauyukan da ya bi da sunayen waɗanda suka ba shi masauki, ka rubuta, ka kai ofishin ikkilisiya a ajiye.