Yadda Damina Take Gina Ɗan Kokawa a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

A kudancin Sakkwato, daga Tambuwal da Dogon Daji da Jabo har zuwa Kebbe, kokawar gargajiya wasan kaka ce tun kaka da kakanni. Ba a share fage sai an ɗaure gero an kai rumbu, sannan garuruwa su fara aika wa juna goron gayyata. Dambe ma haka yake: rundawa, wato mahauta, sukan bi ƙauyuka da kalangunsu bayan girbi, lokacin da manomi ke da abin sayen nama da abin yi wa makaɗi kari. An saba kallon wannan a matsayin al'amarin aljihu kawai, alhali akwai lissafin jiki a cikinsa.

Ƙarfin da ake nunawa a fage a watan Nuwamba a gona aka tara shi. Da faɗuwar ruwan shuka, wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, saurayi zai shiga noman firi, ya koma maimai, ya yi huɗa da galma yana duƙe tun hantsi. Wannan aiki ƙugu da cinya da gadon baya yake ci, kuma su ne jarin mai kokawa, domin wanda ƙugunsa ya saki ya faɗi tun ba a ɗaga shi ba. Riƙon ƙotar galma na wata uku yana ƙarfafa damƙa. Noman gayya kuwa gwaji ne a bainar jama'a: samari su jeru kan kunyoyi, makaɗi na zuga su, kowa ya ga wanda numfashinsa ya fi tsawo.

Sai dai nauyin aikin yana haɗuwa da lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A marka, cikin Agusta, jiki na aiki fiye da abin da yake ci, don haka ƙarfin ba ya bayyana. Sai sabon gero ya shigo a Satumba, fura ta wadata, aikin duƙe ya ragu, ya zama sauran yanka da dakon dammuna. A makonnin nan gajiya ke sauka, tsoka ta cika. Daga nan fage ya buɗe har cikin hunturu, kafin zafin bazara da tafiya cin rani su watsa taron.

Masana wasanni na zamani sun isa ga wannan jeri ta wata hanya. Leonid Matveyev na Tarayyar Sobiyet, bayan nazarin shirin 'yan wasan ƙasarsa na gasar Olamfik ta 1952 da ta 1956, ya raba shekarar ɗan wasa gida uku: zangon shiri mai yawan aiki, zangon gasa da ake rage nauyi a ƙara kaifi, sai zangon hutu. Bai kamata a zuzuta kamannin ba. Matveyev yana auna nauyi da gangan, yana kuma ciyar da mutanensa a lokacin wahala. Manomin Kebbe yunwar marka ce ke yanke masa hukunci, kuma shekarar fari takan tafi da kokawar kakar gaba ɗaya.

Jamhuriyar Nijar ta riƙe wannan kalanda ko da ta mai da kokawa harkar gwamnati. Gasar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, har yau bayan girbi ake yin ta, kuma kowace jiha takan killace 'yan kokawarta su yi atisaye kafin ranar. A Nijeriya dambe ne ya fi samun kasuwa, kuma gidajen dambe na birane irin na Kano da Abuja ba su jiran kaka, domin kuɗin ƙofa ne ke riƙe da su. Saurayin da ya bar ƙauyensa ya zauna a irin wannan gida yana iya shiga fage mako bayan mako, rani da damina. Ya rabu da yunwar marka, amma ya rabu da watannin galma da suka gina magabatansa, ya kuma rasa bazarar da targaɗen hannu da tsamin kafaɗa ke warkewa a cikinta.